Ɗan Riƙo Baƙar Fata a Gidan Turawa: Matsayin Al'ada da Asali

Gabatarwa

A darasin al'ada akan koya mana cewa al'ada ita ce hanyar rayuwar al'umma tun daga haihuwa har zuwa mutuwa, kuma yaro yana shan ta ne tare da nonon uwa. To, yaya ke nan idan yaron ya tashi a hannun mutanen da ba su haife shi ba, ba su da launin fatarsa, kuma ba su taɓa ɗanɗana irin kallon da za a riƙa yi masa a kan titi ba? Fiye da shekara hamsin ke nan wannan tambaya tana raba kan masana da alƙalai da ma'aikatan jin daɗin jama'a a Amurka da Ingila. Wannan maƙala za ta dubi yadda muhawarar ta faro, da abin da bincike ya gano, da kuma abin da su kansu yaran suka faɗa bayan sun girma.

Riƙo a wurin Bahaushe da riƙo a wurin Bature

Ya kamata mu fara gyara kalma, domin kada mai karatu ya ɗauka abu ɗaya ake nufi. Riƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kaka takan ɗauki jika bayan yaye, gwaggo takan ɗauki 'yar ɗan'uwanta, matar da ba ta samu haihuwa ba akan ba ta yaro daga cikin dangi. Kunyar ɗan fari ma takan sa a miƙa shi ga kakanni. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya nuna haka a fili, domin Baba ba ta haihu ba amma ta riƙe yara har ta aurar. A irin wannan riƙo yaro ya san ubansa, ya san gidansu, kuma da sunan ubansa ake kiran sa. Addinin Musulunci ma ya hana a jingina yaro ga wanda bai haife shi ba, kamar yadda ya zo a farkon Suratul Ahzab dangane da Zaidu bn Harisa.

Riƙon da ake magana a kai a Amurka daban yake. Kotu ce ke yanke alaƙar yaro da iyayensa ta fuskar doka, sannan a ba shi sabuwar takardar haihuwa mai ɗauke da sunayen sababbin iyaye, tamkar su suka haife shi. Tun daga shekarun 1930 da 1940 yawancin jihohi suka riƙa kulle takardar farko, ko shi mai ita ba ya iya gani. Wasu jihohin sun buɗe daga baya, alal misali New York a 2020. Wato tsarin an gina shi ne domin a manta da asali. Idan yaro da masu riƙonsa launinsu ɗaya, mantuwar takan yiwu. Idan kuwa shi baƙi ne su farare, fatarsa ba za ta bari a manta ba, ko da kowa a gidan ya yi shiru.

Yadda muhawarar ta faro

Kafin shekarun 1960 da wuya Bature ya ɗauki yaro baƙi a Amurka. A wasu jihohin kudu, irin su Louisiana da Texas, doka ce ma ta hana. Abubuwa biyu suka sauya lamarin. Na farko, jarirai farare da ake bayarwa riƙo sun ragu, saboda zuwan maganin hana ɗaukar ciki da kuma yadda matan da suka haihu ba aure suka fara riƙe 'ya'yansu. Na biyu, gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata ta sa Turawa masu sassaucin ra'ayi suna ganin ɗaukar yaro baƙi wata hanya ce ta rushe wariya. Ƙididdigar da aka fi kafa hujja da ita ta nuna cewa a 1968 yara baƙaƙe 733 ne suka shiga gidajen Turawa, amma a 1971 sun kai 2,574.

A 1972 sai Ƙungiyar Baƙaƙen Ma'aikatan Jin Daɗin Jama'a ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da NABSW, ta fitar da matsayinta cewa ba ta yarda a sa yaro baƙi a gidan Turawa ba ko da wane dalili. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin wariya da ta juya baya, amma idan aka natsu za a ga hujjoji biyu ne a ciki. Ɗaya ita ce, a ƙasar da ake auna mutum da fatarsa, yaro baƙi yana bukatar wasu dabarun zama da ba mai koya masa su sai wanda ya rayu da wannan fatar. Ɗaya kuma, wadda aka fi mantawa da ita, ita ce ba gaskiya ba ne a ce baƙaƙe ba sa riƙon yara. Suna yi tun zamanin bauta, lokacin da ake sayar da uwa a bar ɗa a hannun wata mata. Hukumomi ne suka gindaya sharuɗɗa na yawan albashi da girman gida da zaman aure da kuɗin cike takardu, waɗanda suka tankaɗe talakan baƙar fata. Masani Robert Hill ya nuna a 1977 cewa yaran baƙaƙe da kakanni da sauran dangi ke riƙewa ba tare da takardar kotu ba sun ninka waɗanda hukuma ta bayar sau da yawa. A nan riƙon baƙaƙen Amurka ya fi kama da namu. Haka kuma inda aka nemi baƙaƙen gidaje da gaske an same su, kamar yadda wata hukuma ta nemar wa baƙaƙen yara gidaje ta yi a Detroit daga 1969, da kuma shirin da wani limamin Katolika, George Clements, ya fara a Chicago a 1980, inda ake neman kowace coci ta samar wa yaro ɗaya gida.

Maganar ƙungiyar ta yi tasiri nan da nan. A 1975 adadin ya sauko zuwa 831. Sai dai layin yaran da ke jira a hannun hukuma bai gajarce ba. Masu suka suka ce ana barin yaro yana yawo daga wannan gidan riƙon wucin gadi zuwa wancan har ya balaga, alhali ga iyali na son sa, don kawai launi bai zo ɗaya ba. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba, domin yaron da ya shekara goma ba shi da wanda zai kira uwa ya yi asarar da babu al'adar da za ta biya shi. A 1994 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da dokar da Sanata Howard Metzenbaum ya kawo, aka ƙara tsaurara ta a 1996. Tun daga lokacin, duk hukumar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon jinkirta ko hana riƙo saboda launin yaro ko na mai nema. A 2003 an ci jihar Ohio tarar dala miliyan 1.8 saboda saɓa wannan doka.

Abin mamaki shi ne, ƙasar da ta hana a dubi launin yaro baƙi ita ce kuma ta yi wa 'yan asalin Amurka, wato Indiyawan daji kamar yadda ake kiran su a da, dokar da ta saɓa da wannan. Dokar 1978 ta ce idan za a ba da ɗansu riƙo a fara duba danginsa, sannan ƙabilarsa, kuma Kotun Ƙoli ta sake tabbatar da ita a 2023. Bambancin a wurin lauyoyi shi ne ƙabilun nan hukumomi ne masu yarjejeniya da gwamnati, baƙaƙe kuwa ba su da wannan matsayi.

Me bincike ya gano?

Binciken da ya fi shahara shi ne na Rita Simon da Howard Altstein. Sun fara da iyalai 204 a farkon shekarun 1970, suka bi su har 1991. Sakamakonsu ya nuna yawancin yaran sun tashi lafiya, suna son iyayen riƙonsu, kuma sun san su baƙaƙe ne. A 2007 wasu masana biyu daga ƙasar Holan, Juffer da van IJzendoorn, sun tattara bincike 88 suka ga cewa ta fuskar ganin ƙimar kai, ɗan riƙo bai gaza sauran yara ba, ko da launinsa ya bambanta da na masu riƙonsa. Saboda haka duk wanda ya ce irin wannan riƙo lalata yaro yake yi a kowane hali, ƙididdiga ba ta goyi bayansa ba.

Amma ɗalibi ya kamata ya tambayi abin da aka auna. Iyalan da Simon da Altstein suka samu a zagayen ƙarshe ba su kai rabin na farko ba, kuma mai hankali ya san gidan da abubuwa suka lalace ba shi ne zai fi saurin buɗe wa mai bincike ƙofa ba. Har ila yau, ganin ƙimar kai abu ne daban da sanin yadda za ka zauna cikin mutanenka. Ruth McRoy da Louis Zurcher sun kwatanta yara baƙaƙe da ke gidajen Turawa da waɗanda ke gidajen baƙaƙe a 1983. Ƙimar kai ta zo daidai, amma wajen yadda yaro ke ɗaukar launinsa an sami bambanci. Yaran da ke zaune a unguwannin da babu baƙi sai su, suna zuwa makarantar da babu malami baƙi ko ɗaya, sun fi nesanta kansu da baƙaƙe, wasu har suna maimaita munanan maganganun da suke ji a kansu. Waɗanda iyayensu ke zaune a unguwar da aka cakuɗa ba su da wannan matsala sosai. A ganina wannan shi ne sakamako mafi muhimmanci a duk fagen, domin ya ɗauke magana daga launin iyaye ya mayar da ita kan inda suka zaɓi su zauna da kuma waɗanda ke shigowa gidansu.

Me ake nufi da al'ada a nan?

Idan aka ce al'adar baƙar fata, wasu iyayen riƙo sukan fahimci cewa za su sayi ɗan ganga su rataye a falo, su ɗinka wa yaro rigar atamfa, su kai shi wani biki sau ɗaya a shekara. Wannan ba laifi ba ne, amma ba shi ƙungiyar 1972 take nufi ba. Ni da ba da Hausa aka yaye ni ba, a aji na fara koyon ta, na san iyakar abin da littafi ke bayarwa. Littafi ya koya mini gaisuwar safe da ta yamma, amma lokacin da ake durƙusawa, da lokacin da ake yin shiru, da sunan da ba a faɗa a gaban suruki, sai da na zauna da Hausawa a Sabo. Al'ada a bakin mutane da hannuwansu take.

Mu ɗauki gashi. Gashin baƙar fata yana son mai, yana son a taje shi da laima, yana son kitso da tsifa a kan lokaci. Uwar da ba ta taɓa riƙe irinsa ba takan wanke shi kullum da sabulun da ya dace da nata, sai ya bushe ya riƙa karyewa, daga nan a aske shi ko a ƙone shi da man miƙarwa. Haka fata, idan ba a shafa mata mai ba a lokacin sanyi sai ta yi furu-furu. Yarinya takan tashi tana jin cewa jikinta matsala ne da aka kasa warwarewa. Ban da wannan, wurin kitso da shagon aski a unguwannin baƙaƙen Amurka makaranta ce. A nan yaro ke jin yadda manya ke hira da barkwanci da gardamar siyasa, yana ganin mutane iri-iri masu kama da shi, likita da direba da malami. Ɗan wasan ƙwallon Amurka Colin Kaepernick, wanda Turawa suka ɗauka yana jariri a 1987 kuma ya tashi a garin Turlock na California, ya ba da labarin yadda ya yi ta fama da iyayensa lokacin da ya so a yi masa kitson zane yana saurayi, domin su a idonsu kitson na 'yan iska ne. Bai ce ba sa son sa ba. Ya ce suna son sa, kuma duk da haka akwai abin da ba su gani. Gashi ba ƙaramar magana ba ce a can, tunda sai a 2019 California ta zama jiha ta farko da ta yi dokar hana korar mutum daga aiki ko makaranta saboda kitso.

Sai babbar magana, wato nasihar da iyaye baƙaƙe ke yi wa 'ya'yansu, musamman maza, game da 'yan sanda: ka ɗora hannuwanka inda za a gan su, kada ka yi gardama, kada ka zura hannu a aljihu ba ka faɗa ba, ka dawo gida da rai tukuna a yi maganar haƙƙi. Uba Bature bai gaji wannan nasiha ba, domin shi abin da aka koya masa shi ne ɗan sanda mai taimako ne kuma ɗan ƙasa yana da ikon yin tambaya. Alex Landau baƙi ne da Turawa suka riƙe a birnin Denver, a gidan da ba a cika maganar launi ba. A watan Janairun 2009, yana da shekara 19, 'yan sanda suka tsayar da motarsa. Ya tambaye su ko suna da takardar izinin bincike, kamar yadda duk wani ɗan Bature zai yi. Dukan da suka yi masa sai da aka yi masa ɗinki 45 a fuska da kai, kuma a 2011 birnin ya biya shi diyyar dala 795,000. Laifin na waɗanda suka doke shi ne, ba na iyayensa ba. Amma uwar riƙonsa ta fito fili daga baya ta ce ita ta ɗauka soyayya ta isa, launi ba zai zama komai ba. Masani Richard Lee ya bayyana wannan tarko a 2003: a cikin gida ana ɗaukar yaron tamkar Bature, da ya fita ƙofa kuma duniya ta ɗauke shi baƙi.

A nan dokar 1996 ta jawo abin da ba a yi niyya ba. Saboda tsoron tara, hukumomi da yawa suka daina tambayar mai neman riƙo ko ya shirya wa waɗannan abubuwa. Wata cibiyar nazarin riƙo ta New York, mai sunan Evan B. Donaldson, ta nuna a rahotonta na 2008 cewa Ba'amurken da zai ɗauko yaro daga ƙasar waje a ƙarƙashin yarjejeniyar Hague sai ya yi horon awa goma da ya haɗa da batun al'ada, amma wanda zai ɗauki baƙin yaro daga garinsu ba a tilasta masa irin wannan ba.

'Ya'yanmu a Ingila

Wannan magana ta shafi Nijeriya kai tsaye. Daga shekarun 1950 zuwa 1970 dubban ɗalibai daga Afirka ta Yamma, yawancinsu 'yan Nijeriya da Gana, sun riƙa biyan iyalan Turawa su riƙe musu jarirai domin su samu damar karatu da aiki. Iyayen sun ɗauka riƙo ne irin na gida, kamar ka kai ɗa wurin gwaggo. Ba su lura ba cewa gwaggon gida tana jin harshen yaro kuma maƙwabtanta kamarsa suke. Ɗan wasan fim Adewale Akinnuoye-Agbaje, wanda aka haifa a Landan a 1967, an kai shi wani gida a garin Tilbury yana da mako shida. Tsangwamar da ya sha ta kai shi ga shiga ƙungiyar samarin Turawa masu aske kai da ke farautar baƙaƙe, wato ya koma yana dukan masu kama da shi. Labarin nan ya mayar fim mai suna Farming a 2018.

Ba kowa ne ya sha irin wannan ba. Marubuciya Jackie Kay, wadda mahaifinta Ibo ne mahaifiyarta 'yar Sukotlan, Turawa ne suka riƙe ta a kusa da Glasgow, mutane masu adawa da wariyar launi, kuma har kullum da alheri take ambaton su. Duk da haka sai da ta taso ta zo Abuja ta ga mahaifinta, ta kuma nemi ƙauyensu, kamar yadda ta bayar a littafinta na 2010. Riƙo mai kyau bai kashe mata son sanin asali ba, sai dai ya ba ta ƙafar tafiya nemansa. Shi kuwa mawaƙi Lemn Sissay, ɗan wata ɗaliba daga Habasha, ma'aikacin hukuma ne ya raɗa masa suna Norman, iyalin da suka riƙe shi kuma suka mayar da shi gidan yara yana da shekara 12. Sai da ya kusa shekara 18 ya ga takardar haihuwarsa ya san sunansa na yanka. Duk da irin waɗannan labarai, a 2014 Ingila ta cire wa hukumomin riƙo sharaɗin da ya fito fili ya ce su yi la'akari da launi da harshe da addinin yaro, da hujjar cewa yana jawo jinkiri. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 kuwa, a sashe na 20, ta nemi a kula da ɗorewar waɗannan abubuwa a tarbiyyar yaro.

Tambayar da ke gaban tambaya

Duk wannan gardama a kan wa zai ɗauki yaro ce. Farfesa Dorothy Roberts ta daɗe tana cewa a fara tambayar yadda aka yi ya rabu da danginsa. Baƙaƙen yara kusan kashi 14 cikin ɗari ne na yaran Amurka, amma sun haura kashi 20 na waɗanda ke hannun hukuma, kuma mafi yawan ƙorafin da ake kaiwa na sakaci ne, wanda sau da yawa ba a rarrabe shi da talauci.

Labarin iyalin Hart ya nuna inda wannan ke iya kaiwa, ko da yake ba shi ne halin yawancin gidajen riƙo ba. Wasu Turawa mata biyu, Jennifer da Sarah Hart, sun ɗauki yara baƙaƙe shida daga Texas. Uku daga cikinsu suna da gwaggo a Houston wadda ta karɓe su, har ta koma gida mafi girma dominsu. Wata rana ma'aikaciyar hukuma ta zo ta tarar da mahaifiyar yaran tare da su alhali gwaggon tana wurin aiki, abin da aka hana. Nan take aka kwashe su. Gwaggon ta je kotu, ta ɗaukaka ƙara, ba ta yi nasara ba. Su kuwa matan biyu, an kai ƙorafinsu a jihohi uku, Minnesota da Oregon da Washington, cewa suna dukan yaran suna hana su abinci. A 2011 kotu ta sami Sarah da laifin dukan ɗaya daga cikinsu, amma ba a karɓe ko yaro ɗaya ba. Suka cire su daga makaranta, suka ci gaba da sa hotunansu suna murmushi a Facebook, jama'a suna yabo. Ɗaya daga cikin yaran, Devonte, shi ne wanda hotonsa ya zagaya duniya a 2014 yana rungume da ɗan sanda yana kuka a wurin wata zanga-zanga a Portland. A watan Maris na 2018 Jennifer ta tuƙa motarsu da kowa a ciki ta faɗa daga kan dutse zuwa bakin teku a California, babu wanda ya tsira. A tsawon shekarun riƙon, jihar Texas ta biya matan biyu kimanin dala 270,000 na tallafin kula da yaran. Gawar Devonte ba a same ta ba.